ƘANWARKA AMANA CE A WUYANKA: NASIHA GA SAMARI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata surarsa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi Sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari.

Na sani wani zai buɗe wannan ɗan littafi ya ce, "Malam, mu maza ne, ina ruwanmu da zancen cin abincin 'yan mata? A kai wa mata a Islamiyya mana." To, ɗan'uwa, dakata ka ji dalili.

Wata rana bayan sallar Isha'i, an tashi daga karatu, wani saurayi daga cikin ɗalibai ya ƙi tafiya. Sai da masallaci ya watse ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, ina jin tsoron kada in zama ni na kashe ƙanwata." Na ce, "Subhanallahi! Me ya faru?" Ya ce yarinya ce 'yar shekara 13. Da girma ya fara zo mata sai ta yi jiki, shi kuwa ya sa mata suna Randa. In an kawo tuwo sai ya ce, "Ku yi maza ku ci kafin Randa ta iso." Gida duka a yi dariya, har da ita. Daga nan ta fara cewa ta ƙoshi. Daga nan ta kama azumin Litinin da Alhamis, aka yi ta sa mata albarka. Daga nan azumi ya koma kullum, ba sahur, buɗa-baki kuwa ruwan zafi. Ana nan, ran nan ta yanke jiki ta faɗi a makaranta. Aka ce iska ce, aka yi wata uku ana yawo da ita gidajen masu magani, ana hayaƙi ana wanka. Da ƙyar aka kai ta asibiti. Ya ce, "Malam, da na ɗauke ta zan sa a mota, wallahi kamar na ɗauki damin kara."

Saboda wannan saurayi da ire-irensa na rubuta wannan nasiha. Domin kowane ɗayanku yayan wata ne, ko kawun wata, ko malamin wata a Islamiyya, gobe kuma in Allah Ya yarda mijin wata ne, uban wata.

FASALI NA ƊAYA: ABIN DA KE FARUWA GA YARINYA IN GIRMA YA ZO

Ku sani, ya 'yan'uwa, alamun balaga kan fara bayyana ga 'ya mace galibi tsakanin shekara 8 zuwa 13. A wannan lokaci Allah cikin hikimarSa Yakan sa jikinta ya tara kitse, ƙugunta ya buɗe, tsawonta ya ƙaru da sauri. Wannan shiri ne na Ubangiji domin abin da ke gabanta na haila da ɗaukar ciki da shayarwa. Likitoci sun tabbatar cewa kusan rabin nauyin da mutum zai zauna da shi in ya girma a shekarun balaga yake tara shi, haka kuma ƙarfin ƙashi a nan ake gina mafi yawansa. Watau ƙarin jikin da ka gani ka yi wa dariya, aikin Allah ne ake cikin yi.

Sa'an nan ba jiki kaɗai ke sakewa ba, har zuciya. Yarinyar da jiya take tsalle a tsakar gida ba ruwanta, yau sai ta ji kamar idon duniya duka a kanta yake. Abu kaɗan ya sa ta kuka, abu kaɗan ya sa ta fushi, ita kanta ba ta san dalili ba. Ga kunya da kawaici da aka tarbiyyantar da ita a kai. Ba za ta iya duban Baba ta ce, "Raina a ɓace yake" ba. Ba za ta iya ce wa Yaya, "Maganarka ta yi mini zafi" ba, sai a ce ta yi rashin kunya. To, baƙin cikin da baki ya kasa furtawa ina zai tafi? Ga waɗansu 'yan mata, cikin kwanon abinci yake sauka. Ba ta da iko da abin da ake faɗa mata, ba ta da iko da yadda jikinta ke sakewa, amma tana da iko da lomar da za ta kai bakinta. Sai ta kama wannan ta riƙe gam, har ya zo ya riƙe ta.

FASALI NA BIYU: WANNAN CIWO NE, YANA DA SUNA

Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu. Likitoci sun daɗe da sanin wannan ciwo, kuma sun kasa shi kashi-kashi. Ga uku daga ciki:

1. Ciwon ƙin abinci, wanda suke kira anoreksiya. Wani likitan Ingila mai suna William Gull ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1873. Mai wannan ciwo takan tauye wa kanta abinci don tsananin tsoron ƙiba. Haƙarƙarinta duk a waje, amma in ta duba madubi ƙiba take gani. Ba ƙarya take yi ba, ciwon ne ya juya mata gani. A hankali haila ta ɗauke, gashin kai ya riƙa zuba, ta riƙa jin sanyi ana tsakiyar bazara, bugun zuciya ya yi ƙasa, ƙashi ya yi rauni. Yana daga cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa.

2. Ciwon ci-da-amai, watau bulimiya. Wani likita a Landan, Gerald Russell, ya bayyana shi a 1979. Ita wannan takan ci abinci mai yawa a ɓoye ba ta iya tsayawa, sa'an nan nadama da ƙyamar kai su kama ta, ta je ta fitar da shi. Galibi jikinta ba ya nuna rama, don haka sai ta shekara tana fama ba wanda ya sani. Yawan amai yana cinye haƙora, yana kuma rage wani gishiri na cikin jini wanda zuciya ke dogara da shi wajen bugawa. In ya yi ƙasa ƙwarai zuciya tana iya tsayawa farat ɗaya.

3. Ciwon ci ba birki. Ita kuma tana ci ne don ta danne damuwa, ba don yunwa ba, a ɓoye, cikin kunya, amma ba ta fitarwa. Ita ce ake ce wa mai haɗama, alhali kuka take yi da abinci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da irin waɗannan cututtuka a duniya, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Maza ma suna kamuwa, sai dai ya fi yawa ga 'yan mata.

Wani zai ce, "Ai taurin kai ne, ta ci mana!" To, saurara. A shekarun 1944 da 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an yi wani gwaji a Jami'ar Minnesota ta Amurka ƙarƙashin wani masani, Ancel Keys. Samari ne maza 36, lafiyayyu kamarku, suka yarda aka rage musu abinci kusan rabi har wata 6, kowannensu ya zubar da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsa. Me aka gani? Suka zama ba su da zance sai na abinci, har mafarkinsa suke yi. Waɗansu suka shiga tara littattafan girki. Suka zama masu saurin fushi, masu baƙin ciki, masu gudun mutane. Da aka sake musu abinci, waɗansu suka riƙa ci ba su iya tsayawa. Ka gani ke nan, yunwa da kanta tana sake tunanin mutum. In ta yi wa ƙarti haka, ina ga 'yar shekara 13? Abin da ta fara da ganin dama, yanzu ya fi ƙarfinta. Tsawa da bulala ba sa warkar da shi.

FASALI NA UKU: TA INA YAKE SHIGOWA?

Ruwa ba ya tsami banza. Sababan wannan ciwo suna da yawa. Akwai gado na jini, akwai halin yarinyar da ba ta yafe wa kanta kuskure, akwai rikicin gida, mutuwar aure, rashin uwa ko uba, ko wata cuta da aka yi mata ta kasa faɗa. Waɗannan ba duka ke hannunka ba. Amma akwai ƙofofi biyu da mu maza muke riƙe da mabuɗinsu.

Ƙofa ta farko harshe. Randa, Buhu, Tulu, Giwa. Ko kuwa ɗaya gefen: Tsinke, Sillen Kara, Ƙwarangwal. A gida yayye na yi, a hanya 'yan zaman majalisa na yi, a dangi kuma a fake da wasan taubashi. Kai ka faɗa ka manta kafin ka kai bakin zaure, ita kuwa ta kwana tana juya ta. Magana zarar bunu ce.

Ƙofa ta biyu ido. Ku ji abin da ya faru a tsibirin Fiji. Mutane ne da a al'adarsu mace mai jiki ake yabo, kamar yadda aka saba a nan ƙasar Hausa. A 1995 talabijin ya isa wani lardinsu mai suna Nadroga, da finafinan Turawa. Wata likita daga Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta tambayi 'yan mata 'yan makaranta fiye da 60 a wannan shekara, ba ta sami ko ɗaya da ta ce tana janyo amai don rage jiki ba. Da aka sake tambayar waɗansu a 1998, sai aka sami kimanin 11 cikin 100. Shekara 3 kacal! Wannan talabijin ne na tsakar gida. Yau kuwa fitinar tana cikin tafin hannu, har ƙarƙashin matashin kai. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida na kamfanin, inda bincikensu da kansu ya nuna cewa 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce in suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram yakan ƙara musu. Hotunan nan kuwa da yawansu gyararru ne. Har ƙasar Faransa ta fara aiki da wata doka a 2017 cewa hoton talla da aka sirantar da jikin mai shi ko aka ƙara, tilas a rubuta cewa an taɓa shi.

Kada ka ce wannan ciwon Turawa ne. A nan ƙasarmu wuƙar baki biyu gare ta. Wata tana kashe kanta da yunwa don ta rame, wata kuma tana shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don ta yi ƙiba, musamman in biki ya matso. Daga cikin abin da ake sha akwai deksametason, wanda magani ne mai ƙarfi na kumburi da asma da makamantansu, ba a shansa sai da umarnin likita. In aka daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba, fuska ta kumbura, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, ya jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi, ya karya garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kuma, barinsa farat ɗaya hatsari ne, sai likita ya riƙa rage mata a hankali. Ga kuma man bilicin, wanda hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta ayyana ɓarnarsa a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Mai yunwa da mai ƙwaya da mai shafe-shafe, ciwonsu tushe ɗaya: an sa su sun tsani jikin da Allah Ya ba su.

To, wa suke so su burge? Wa ke zama a majalisa yana cewa, "Ni fa sai fara siririya," wani ya ce, "Ni sai mai cika kujera"? Wa ke tura hotunan matan banza yana yabawa a gaban ƙannensa? Mu ne, jama'a. Allah Ya umarci muminai maza da runtse ido a Suratun Nur, aya ta 30, tun kafin Ya umarci mata a aya ta 31. Idon da ya saba kallon hoton ƙarya, in ya dawo gida sai ya raina halittar gaskiya.

FASALI NA HUƊU: ABIN DA ALƘUR'ANI DA SUNNA SUKA CE

Allah Ta'ala Ya yi rantsuwa a Suratut Tin, sa'an nan a aya ta 4 Ya ba da labarin cewa Ya halicci mutum a mafi kyawun tsayuwa. A Suratur Rum, aya ta 22, Ya lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinSa. Wanda ya kushe tukunya, ai da maginin yake. In ka yi wa tsawon yarinya ko launinta ko ƙirar jikinta ba'a, aikin wa ka kushe?

A Suratul Hujurat, aya ta 11, Allah Ya hana maza su yi wa maza izgili, Ya hana mata su yi wa mata, Ya hana aibata juna, Ya hana jifan juna da miyagun laƙubba, Ya kuma kira wanda bai tuba daga wannan ba azzalumi. Babu inda aka togace aka ce sai in ƙanwarka ce, ko sai in taubashiyarka ce. Al'adar da ta ci karo da aya, ita ake ajiyewa.

Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) ya hau itace don ya karyo asuwaki, shi kuwa mutum ne mai siraran ƙwauri. Mutane suka yi dariya. Annabi (S.A.W.) bai bar ta ta wuce a matsayin wasa ba. Ya tambayi abin da ya ba su dariya, da suka faɗa sai ya rantse cewa ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito cewa Nana A'isha (R.A.) ta taɓa yin nuni da gajartar Nana Safiyya (R.A.), sai Annabi (S.A.W.) ya nuna mata cewa kalmar nan da za a cuɗa ta da ruwan teku da ta gurɓata shi. Kalma ɗaya ke nan, daga Uwar Muminai, a bayan idon mai ita. Ina ga wanda yake maimaitawa safe da yamma, a kan idon yarinya, a gaban kwanon tuwo?

Dubi kuma yadda shi yake yi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi tsere da Nana A'isha tana siririya ta tsere masa. Bayan shekaru ta yi jiki, suka sake, ya tsere mata, ya yi dariya ya nuna mata cewa ya rama. Bai yi mata gori ba, bai sa mata suna ba. Muslim kuma ya ruwaito cewa Allah ba surorinmu da dukiyoyinmu Yake dubawa ba, zukatanmu da ayyukanmu Yake duba.

Yanzu ga wata shubuha da ya kamata ku masu karatu ku warware, domin Shaiɗan yakan shigo wa yarinya mai son addini ta ƙofar ibada. Za ta ce maka azumi take yi. To, aiki yana tare da niyya. Ƙin abinci don tsoron ƙiba ba ya zama ibada don an sa masa sunan azumi. Azumin Sunna yana da sahur, wanda aka ce akwai albarka a cikinsa, yana da gaggauta buɗa-baki, kuma an hana sadar da azumin yau da na gobe ba tare da an ci komai ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (R.A.) ya ɗauki azumin kullum da tsayuwar dare duka, Annabi (S.A.W.) ya hana shi, ya sanar da shi cewa jikinsa yana da hakki a kansa. In ta kawo maka hadisin kasa ciki uku, ka ce mata hadisin da kansa ya ware wa abinci kashi ɗaya, kuma ya ambaci lomomin da za su tsayar da gadon bayan mutum. Wadda take yanke jiki tana faɗuwa, gadon bayanta ya tsaya? Allah Ya yi umarni da ci da sha Ya hana ɓarna a Suratul A'araf, aya ta 31, Ya hana kashe kai a Suratun Nisa'i, aya ta 29. Ko azumin Ramalana, mai Risala ya bayyana cewa bai wajaba a kan yarinya ba sai ta ga haila, kuma Suratul Baƙara, aya ta 185, ta yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama daga baya. Saboda haka in likita masani ya ce azumi zai cutar da mai wannan ciwo, ta sha, babu laifi a kanta.

Amma ku kiyaye, kada ku mai da waɗannan ayoyi sanda. Kada ka tsaya a kanta ka ce, "Za ki shiga wuta." Marar lafiya ce, ta riga ta tsani kanta, kada ka ƙara mata da tsammanin Allah ma Ya tsane ta. Ka karanta mata su a matsayin bushara, cewa Ubangijinta Yana son ta ci ta rayu.

FASALI NA BIYAR: BOKA KO LIKITA?

Wata uku da gidan ɗalibin nan suka ɓata, wa ya cinye su? Camfi. Da an ga yarinya ta rame ta daina magana sai a ce iska ce, ko sammu, ko kishiyar uwa ce ta yi mata asiri. A kwashi kuɗi a kai wa boka da 'yan bori, a yanka baƙin akuya, a ɗaura laya, a shuka gaba tsakanin dangi. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Ga asarar imani, ga asarar dukiya, ga yarinya tana ƙara narkewa.

Addu'a da ruƙiyya ta shari'a da Alƙur'ani da zikirin da ya tabbata gaskiya ne, a yi su. Amma wanda ya koya mana su, shi ne kuma ya yi umarni da neman magani, ya sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. A haɗa biyun. Kuma ba kowace rama ce wannan ciwo ba. Akwai tarin fuka, akwai ciwon sukari, akwai tsutsar ciki, akwai kuma yunwar talauci wadda ta fi kowanne yawa a cikinmu. Likita ne zai auna ya rarrabe. A fara da asibitin da ya fi kusa. In ana bukatar likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka. Gara a ce an kai ta asibiti da a ce an kai ta makwanci.

FASALI NA SHIDA: ABIN DA YA HAU KANKA

1. Ka tuba. Ka janye sunan da ka sa mata, ka nemi gafararta baki da baki, ka hana wasu kiranta da shi. Girmanka ba zai zube ba.

2. Ka sa ido. Labarin zuciya a tambayi fuska. Kullum "na ƙoshi" ko "na ci a makaranta", gudun cin abinci cikin mutane, ɓoye abinci ko bai wa ƙanne a asirce, shiga bayi da zarar an gama ci, yawan tsayawa gaban madubi, jiri, rama ko kumburin fuska cikin ɗan lokaci, ƙwayoyin da ba likita ya rubuta ba, janyewa daga ƙawaye.

3. Ka yi mata magana a keɓe, da taushi, kuma kada ka taɓo jikinta a zancen. Ka ce, "Ƙanwata, kwanan nan na ga kamar ranki ba daɗi. Me ke damunki? Ni yayanki ne." In ta yi shiru, kada ka yi fushi, gobe ka sake. Abin da ya shafi haila da sirrin mata kuwa, ka bar wa Inna ko wata yaya ko gwaggo da ta yarda da ita.

4. Ka sanar da iyaye cikin ladabi, ka tsaya kai da fata a je asibiti da wuri. Ana warkewa daga wannan ciwo, kuma wadda aka tara da wuri ta fi saurin tashi. In ta suma, ko ƙirjinta na bugawa ba daidai ba, ko ta daina shan ko ruwa, ko ta fara zancen gara ta mutu, to ranar nan za a tafi, ba a jira gobe.

5. Kada a yi mata ɗura. Wadda ta daɗe cikin yunwa, in aka cika ta da abinci farat ɗaya, gishirin jininta na iya rikicewa har zuciya ta tsaya. Likita ne zai tsara yadda za a mayar da ita ga abinci mataki-mataki. Aikinku a gida shi ne ku zauna ku ci tare da ita cikin natsuwa, ba gori, ba ƙirga loma. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani irin kunu mai laushi, ga marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, domin Annabi (S.A.W.) ya sanar cewa tana sanyaya zuciyar marar lafiya, tana rage baƙin ciki. Ka ga Sunna ta san dangantakar ciki da zuciya.

6. Ka yabe ta da abin da ya fi jiki: haddarta, rubutunta, gaskiyarta, tausayinta. Ka tsaya mata a kan karatu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta rasu tun 1864, har yau ana ambatonta. Wa ya taɓa tambaya siririya ce ko mai jiki? Ilminta ya rage.

7. In ka tashi neman aure, ka fifita ma'abuciyar addini kamar yadda aka yi maka wasiyya. Kada ka gindaya wa 'yar mutane sharaɗin ta rame ko ta yi ƙiba ko ta yi fari kafin biki. In ba ta yi maka ba, ka janye da mutunci, bakinka alaikum.

RUFEWA

Ya ku samari, Allah Ya ba mu labarin mutanen Jahiliyya a Suratun Nahli, aya ta 58 da 59, yadda fuskar ɗayansu ke baƙi in an yi masa albishir da 'ya mace. A Suratut Takwir kuma Ya sanar da mu cewa ranar Alƙiyama za a tambayi wadda aka binne da rai laifin da ta yi aka kashe ta. Mu alhamdu lillahi ba ma haƙa rami. Amma kowa ya binciki harshensa, kada a wayi gari wata yarinya ta tsaya gaban Allah ta nuna shi. Annabinmu (S.A.W.) in Nana Faɗima ta shigo yakan miƙe ya tarbe ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Wannan ma Sunna ce, kamar gemu da ɗage wando. Kada mu ɗauki wadda ake gani a kasuwa mu bar wadda ake yi a tsakar gida.

Ɗalibin nan na sake ganinsa bayan watanni. Ya ce an sallamo ta, tana zuwa ganin likita, ta koma makaranta. Ya ce, "Malam, ta ce ta yafe mini. Amma har yanzu in na shigo tana cin abinci, sai ta rufe kwanon." Na ce masa ya yi haƙuri, ya ci gaba da zama kusa da ita, abin da aka daɗe ana rushewa ba a gina shi rana ɗaya. Kai da kake karanta wannan, wataƙila taka ƙanwar ba ta kai ga rufe kwano ba tukuna. To, yau in ka koma gida ka kira ta da sunanta na yanka.

Allah Ka shirya mu, Ka tsare harsunanmu da idanunmu. Allah Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka kiyaye 'yan'uwanmu mata da 'ya'yanmu, Ka sanya musu natsuwa a zukatansu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, Allah Ya gafarta mana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.